Jaki Biyu a Ƙofar Fili

Nakiya ta uku ce ta sa Doña Basilia Achacollo ta saki cinyar lama, ɗan raƙumin duwatsun can, da take sara. Ta farko da ta biyu ba su ɗaga mata hankali ba, don a Kollpani ko akuyar mutum ce ta haifi tagwaye sai mahaƙan kuza sun tashi nakiya. Amma wannan daga wajen filin ƙwallo ƙararta ta fito, ga shi kuma safiyar Litinin ce, washegarin ranar da baƙi suka zo har gida suka ɗura wa Atlético Kollpani uku da nema.

Ta bar wa maƙwabciyarta amanar rumfa, ta danne hularta da hannu ɗaya, ta tattare siket da ɗayan, ta miƙe hanyar fili. Shekararta hamsin da takwas, kuma tun da ta zama shugabar kulob ɗin bara ba ta taɓa yin gudu don kowa ba, amma yau kam ƙafafunta ba su nemi shawararta ba.

A bakin ƙofa ta tarar da su, maza sun fi ɗari uku, kowa da hular kwanonsa ta shiga rami, kumatu cike da ganyen koka da suke taunawa don ƙarfin aiki. Babu wanda ya sauka aiki. A jikin ƙarfen ƙofar kuwa an ɗaure jakuna biyu. Ganinsu ya sa ta tsaya cak, domin duk wanda aka haifa a garin ya san ma'anarsu. Wanda ya ci amanar jama'a a kan jaki ake ɗora shi, fuskarsa na kallon wutsiya, a zaga da shi kasuwa sannan a raka shi bayan gari. Magajin garin da aka yi wa haka shekara goma sha biyu da suka wuce, har yau jikokinsa in sun shigo kasuwa sai an yi musu kukan jaki.

Wanda ke gaba shi ne Don Crisóstomo Huarachi, shugaban ƙungiyar mahaƙa, mutumin da ta kayar a zaɓen kulob da ƙuri'a goma sha ɗaya, wanda kuma bai yafe wa ko ɗaya daga cikin sha ɗayan ba.

"Ɗaya na san mai shi," in ji ta, tana haki. "Na biyun fa, Don Crisóstomo?"

"Mun zaɓo miki mai taushin baya, Doña Basilia. Kada a ce mahaƙa ba su san darajar mata ba."

Aka kwashe da dariya. Mai jakin farko kuwa yana can cikin ɗakin sauya kaya ya banko ƙofa. Sunansa Heber Larrosa, ɗan wasan tsakiya ne daga Uruguay, kuma ita da kanta ta ɗauko shi a watan Janairu. Albashinsa shi kaɗai ya shanye na sauran 'yan wasa goma har da koci, kuma da dala ake biyansa. A wasa goma sha huɗu ƙwallo ɗaya ya ci, ita ma ƙeyarsa ta buga ta shige raga yana kallon wani wajen. Saboda yadda yake kafewa a tsakiyar fili ba motsi, 'yan kallo suka sa masa suna Falwaya. Yanzu kulob ɗin yana na biyun ƙarshe, saura wasa ɗaya ranar Lahadi, in aka sake yin rashin nasara sai faɗawa gasar ƙauyuka, inda sai an kori tumaki daga fili kafin a take wasa.

Doña Basilia ta ɗauko muryar da take ciniki da ita, ta tuna wa Huarachi cewa kundin kulob ya hana korar ɗan wasa sai taron mambobi ya ɗaga hannu, kuma shi da bakinsa ya dage aka saka wannan sharaɗi a shekarar da ake neman korar ƙanin matarsa daga tsaron baya. Wasu tsofaffi a bayansa suka gyaɗa kai. Huarachi ya tofar da ruwan koka gefe, ya ce to, ƙarfe goma sha biyu a kan bencin 'yan kallo, kowa ya zo da katinsa, ai jakunan ma har yamma aka yi hayarsu.

Dattijon da ke kula da kayan wasa, Don Tiburcio, shi ya janye tebur daga bayan ƙofa ya buɗe mata. Ta tarar da Heber zaune a kan injin wanki, ya miƙe dogayen ƙafafunsa, yana zuƙar shayin ganyensu na can da bututun ƙarfe kamar mai jiran mota.

"Shugaba," ya ce, "jakin nan, hawa yake yi ko gangara?"

"Me ya dame ka da wannan?"

"In gangara yake, ki bar su kawai. Tun Janairu ban ja numfashi ya kai min ciki ba. Garin nan ya fi kusa da Allah a kan iska."

Ta tsaya a kansa ta wanke shi tas. Ta ce ta saka sunanta da na mijinta marigayi a kansa, ta shiga rumfa-rumfa tana rantsuwa cewa ta samo wa gari gwani, ga shi yau saboda shi za a ɗora ta a kan jaki da furfurarta. Ta ce jiya ta zuba masa ido minti casa'in, ko inuwarsa ta fi shi zirga-zirga. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce cikin sanyin murya:

"Ni ina aika ƙwallo inda ya kamata a ce akwai mutum. In babu kowa a wurin, Shugaba, ni zan haife shi?"

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne akwai gaskiya a ciki. A kowane wasa yakan saki ƙwallo biyu ko uku da sai ta ji tsigar jikinta ta tashi, su tsaga 'yan baya kamar wuƙa a kitse, su je su kwanta a wurin da ɗan gabansu zai iso bayan daƙiƙa huɗu. Ko wannan ya isa a biya mutum da dala, ita kanta ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne ba za ta hau jaki ba.

Dabara ɗaya ce ta zo mata: a cusa shi cikin buhun kayan wanki, Don Tiburcio ya tura shi a baro ta ƙofar baya har tasha. In babu Falwaya babu taro. Ta fizge ƙofar kabad ɗinsa don ta tattara masa kaya, sai wata babbar leda ta faɗo ta fashe a ƙafarta.

Gashi ne. Ƙananan kitso baƙaƙe, kowanne an ɗaure shi da zaren ulu ja ko kore, sun watsu a siminti. Don Tiburcio ya ja da baya ya yi alamar gicciye, ya ce daman shi ya faɗa, mutumin da ba ya zufa a fili akwai abin da ya taka.

Doña Basilia ta durƙusa ta ɗauki guda. An naɗa masa filastar ɗaurin ƙafa, an rubuta suna da biro: Yesenia, 'yar Fermín Calle. Ta ɗauki wani: Wilder, ɗan Zenón mai tuƙa tipa.

"Ina ka samo waɗannan?"

Heber ya ɗaga kafaɗa. Ya ce tun satin da ya zo ake gayyatarsa biki kusan kowace Asabar, wani lokaci gida biyu, har uku. Yana zuwa sai a zaunar da shi a kujera mai kyau, a miƙo masa ɗan yaro da almakashi, ya yanke kitso ɗaya, ya ajiye kuɗi a faranti, a watsa masa yankakkun takardu a ka. Daga nan sai nama da dankali tulu guda, sai giya, kuma in ya ce ya ƙoshi sai mai gida ya ɓata rai. In zai tafi a ƙunsa masa gashin. Bai san me ake yi da shi ba, zubarwa kuma ya ga kamar ba ta dace ba, shi ya sa yake rubuta sunayen, don kada ya haɗu da uban yaro a hanya ya rasa abin cewa.

"Kai a tunaninka mene ne wannan bikin?"

"Ban sani ba. Na ɗauka haka kuke karrama 'yan wasa."

Doña Basilia ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe fuska da tafukanta, kafaɗunta na rawa. Don Tiburcio ya ɗauka kuka take, sai da ta ɗago ya ga dariya ce. Wannan dogon wawan bai san cewa askin farko aka yi ta sa shi ba. Bai san wanda ya fara sa almakashi a kan yaro ya zama ubansa na biyu har abada ba, shi da mahaifin yaron kuma sun zama kompadre, zumuncin da ya fi na jini nauyi. Ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya kana iya kai shi kotu a kan gona, gari ya ce ai gado ne. Amma ka ɗaga hannu a kan kompadrenka a bainar jama'a, ko gawarka sai an yi gardama kafin a ɗauka. Su kuwa mutanen Kollpani, da suka ji an kawo baƙo mai karɓar dala, kowa ya lallaɓa ya kai masa kan ɗansa a ɓoye, don farantinsa ya yi nauyi, kowa yana ganin shi kaɗai ne mai wayo.

Ta ce wa Don Tiburcio ya manta da baro, ya samo mata kwando.

Ƙarfe goma sha biyu benci ya cika, har mata sun baro rumfunansu sun yi layi a sama da goyonsu. Aka ajiye Heber a kan kujerar roba a gefen fili, rana na dukansa. Malamin lissafi na sakandare ya fara magana, ya ce ya auna da wayarsa, kuma mai tallar ƙanƙara a cikin 'yan kallo ya fi Falwaya tafiya da kilomita ɗaya da rabi. Mai tsaron raga ya miƙe ya ce shi wata uku ke nan yana faɗuwa a kan tsakuwa da safar hannu mai huji, wani kuma yana tsaye yana cin dala. Wani tsoho ya ce a zamaninsu ɗan tsakiya da ya fito daga fili da wando mai tsabta, matarsa ba ta ba shi abinci. Sannan Huarachi ya rufe da dogon jawabi. Ya ce su mahaƙa da awo ake biyansu, abin da ka fito da shi daga rami shi ake ɗorawa a sikeli, to a ɗora wannan mutumin a sikeli a gani. Ya ce da kuɗinsa za a ɗauki samari biyar 'yan gari masu huhu, ko ba su iya ba aƙalla za a ga ƙura. Aka yi ta tafi, wani ya sake tashin nakiya a bayan katanga.

Doña Basilia ta fito da kwandonta a ƙugu kamar mai tallar gyaɗa. Ba ta kare Heber da kalma ɗaya ba. Ta ce duk abin da aka faɗa ta ji, kuma za a ɗaga hannu yanzu, sai dai tunda mutumin zai bar gari, akwai amanar da ya kamata a mayar wa masu ita tukuna. Ta sa hannu a kwando.

"Yesenia, 'yar Fermín Calle. Don Fermín, zo ka karɓi gashin 'yarka. Kompadrenka zai hau jaki, babu inda zai sa shi."

Fermín Calle, wanda ɗazu shi ke riƙe da igiyar jakin farko, ya sunkuyar da kai yana duba igiyar takalminsa. Daga saman benci matarsa ta ce masa in ya kuskura ya taka ƙafa ya karɓa, to ya nemi wurin kwana.

Ta kira na biyu, ta kira na uku. A na bakwai aka fara waige-waige, kowa yana kallon maƙwabcinsa da mamakin ashe kai ma. A na goma sha biyar malamin lissafi ya mayar da wayarsa aljihu, don sunan autansa aka kira. Kowane kitso kuma ba mutum ɗaya yake ja ba, yana tafe da uba da kakanni da kawunnai. Kafin ta kai na talatin, hulunan kwano sun fara sauka daga kawuna zuwa gwiwoyi. Arba'in da uku ne cif, kuma da gangan ta bar ɗaya a ƙasan kwando.

"Wannan filastar sabuwa ce, ko datti ba ta yi ba," ta ce, tana ɗaga shi sama. "Crisóstomo ƙarami, jikan Don Crisóstomo Huarachi. Heber, yaushe ka yi wannan askin?"

"Shekaranjiya, Shugaba. Asabar."

"Ana gobe wasa?"

"Na ce zan tafi da wuri. Kompadre ne ya ce in ban shanye kwalbar ba na raina gidansa." Ya juya wajen Huarachi da fuskar neman shaida. "Ko ba haka aka yi ba, kompadre? Har ka rera waƙa."

Dariyar da aka yi sai da ta firgita jakunan a waje. Huarachi ya buɗe baki ya ce wannan maganar gida ce, ba ta kulob ba, amma babu mai jin sa. Doña Basilia ta jira hayaniyar ta lafa, sannan ta ce ita mahauciya ce, ta san abin da farantin nama uku da giya ke yi wa cikin ɗan shekara talatin da huɗu. Wata biyar gari yana ɗura wa mutum ranar Asabar, ranar Lahadi kuma a zo ana zaginsa don bai tashi sama ba. Ta ce to ga shi nan, wanda ke son a kore shi ya ɗaga hannu, ya ɗaga sosai yadda matarsa za ta gani daga sama.

Hannu bakwai suka tashi: mai tsaron raga, tsohon nan mai maganar wando, da wasu gwauraye huɗu da ba su da yaran da za a yi wa aski. Na bakwai na Heber ne. Ta kai masa duka a gwiwar hannu ta ce ya sauke, shi ba mamba ba ne. Huarachi kuwa ya tusa hannayensa biyu a hammata yana kallon dutse, kamar yau ya fara ganinsa.

Nan take aka yanke cewa Falwaya yana nan, kuma daga yau har a busa usur na ƙarshe ranar Lahadi, duk gidan da ya ba shi ko da ƙafar kaza ce za a ci shi tara. Su Fermín Calle suka sauko suka ɗaga shi a kafaɗa da kujerarsa, suna zagaya fili da shi suna kiran kompadre, shi kuma yana riƙe da ƙoƙon shayinsa da hannu biyu, fuskarsa kamar ta wanda aka ƙara wa wa'adin kurkuku.

Doña Basilia ta zauna a bencin 'yan canji ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Ta tsira daga jaki, amma yanzu ta ɗaura wa kanta dutse: gari gaba ɗaya ya rantse a kan mutumin nan, kuma in ranar Lahadi ya sake kafewa da cikinsa a wofi, babu sauran Asabar da za ta ɗora wa laifi. Ta bi shi da kallo ana jijjiga shi a sama. Wataƙila ƙwallo ɗaya cikin ukun nan nasa ta samu mai karɓa. Wataƙila.

"Gafara dai, Doña. An ce ke ce shugaba."

Ta ɗago. Wani mutum ne da ba ta taɓa gani ba, cikin kwat mai tsada da takalmi siriri na mutanen bakin teku, ya dafa ƙarfen benci yana numfashi da baki, leɓɓansa sun yi shuɗi don ƙarancin iskar kan dutse. A ƙofar fili wata tasi mai lambar babban birni tana tsaye ba a kashe injinta ba. Ya ce shi ne wakilin Heber Larrosa, tun asuba yake hawan dutsen nan. Ya zaro takarda daga jakarsa, ya buɗe shafi na tara na kwantiragin da ta sa wa hannu a Janairu, ya ɗora yatsa a kan wani layi da ba ta tuna ta karanta ba. Wani kulob a gaɓar tekun Peru ya biya kuɗin da layin ya ce in an biya dole a saki ɗan wasa. Ya zo ɗaukar ɗan wasansa, kuma yana son su kama hanya kafin ƙarfe biyar.

Doña Basilia ta dubi takardar, ta dubi maza ɗari uku da ke tahowa ta wajensu da kompadrensu a kafaɗa, wasu da sauran nakiya a aljihu. In suka ji wannan labari, jakunan nan biyu ba za su koma gida babu mahaya ba. Ta mayar da takalminta a hankali, ta matsa ta share masa wuri a benci da gefen siket.

"Zauna, ɗana, ka huta, bari a kawo maka shayin koka," ta ce. "Faɗa min, ban da mai tasin can, wa ya san ka zo garin nan?"